Taku Cikin Ƙiftawar Ido: Shin Kwamfuta Na Yi Wa Mutum Adalci A Wasan Ces Na Gaggawa?

Duk wanda ya taɓa karawa da kwamfuta a wasan dara na ces, musamman irin na gaggawa da ake ba kowane ɓangare minti 1 ko minti 3 kacal, ya san wani abu mai cin rai. Mutum zai duba allo, ya yi tunani, ya miƙa hannu ya tura dokinsa. Kafin yatsansa ya ɗago, kwamfuta ta riga ta mayar da martani, agogonsa ya koma zuba, nata kuwa kamar bai motsa ba. A haka za a yi ta tafiya har lokacinsa ya ƙare, a rubuta cewa an cinye shi, ko da kuwa a kan allo shi ne ke da rinjaye. Tun da aka fara haɗa mutane da manhajojin ces a dandalan wasa na intanet cikin shekarun 1990 ake ta ja-in-ja a kan wannan lamari. Wasu na ganin zalunci ne tsagwaronsa, wasu kuma na cewa kukan wanda aka kayar ne kawai. A ganina, ɓangarorin biyu sun cakuɗa sauri iri biyu da ya kamata a raba su. Akwai saurin tunani, wanda halalin kwamfuta ne, ba wanda zai hana ta. Akwai kuma saurin da take samu don ba ta da ido da hannu irin na ɗan Adam, wanda ba ya cikin abin da wasan ces ke aunawa. Adalci shi ne a bar mata na farkon, a sa ta biya kuɗin na biyun.

Kafin a yanke hukunci, sai an san dalilin da ya sa aka shigo da agogo cikin wasan. A da, ɗan wasa na iya zama sa'o'i a kan taku ɗaya har ya gajiyar da abokin karawarsa. Don magance haka aka fara amfani da agogo mai fuska biyu a gasar Landan ta 1883, inda kowa ke da nasa lokacin, kuma da zarar ka yi taku, naka ya tsaya, na abokinka ya fara tafiya. Manufar ita ce a raba lokacin tunani daidai wa daida. A yau hukumar ces ta duniya, FIDE, tana ba da minti 90 domin taku 40 na farko a yawancin manyan wasanninta na nutsuwa. Wasan da ake ba kowa minti 10 ko ƙasa da haka shi ne ake kira na walƙiya, kuma a gasar duniya ta irinsa ana ba da minti 3 ne, da ƙarin sakan 2 bayan kowane taku. A intanet kuma akwai wanda ya fi wannan sauri, na minti 1, wanda ake kira wasan harsashi. Dokar FIDE ta ce wanda lokacinsa ya ƙare ya faɗi, sai fa idan abokin karawarsa ba shi da wata hanya ta halal da zai iya kashe masa sarki, to a nan canjaras ke nan. Ta kuma ce da hannun da ka yi taku, da shi za ka danna agogo. Wanda ya karanta waɗannan dokoki zai ga cewa an rubuta su ne domin mutum biyu masu ido da hannu, waɗanda nauyin jiki ya hau kansu daidai.

Daga ina takun nan na nan take yake fito wa kwamfuta? Hanya ta farko ita ce abin da aka riga aka ajiye mata. A farkon wasa manhaja kan duba kundin buɗe wasa, wanda ya tattara dubban hanyoyin da gwanaye suka bi, ta ɗauko amsa ba tare da ta yi lissafin komai ba. A ƙarshen wasa kuma, idan 'ya'yan dara suka ragu, akwai wani kundin da aka warware kowane yanayi a cikinsa har ƙarshe. Ken Thompson na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka yana cikin waɗanda suka share fagen wannan aiki tun shekarun 1970. A 2012 masana a Jami'ar Mosko suka kammala kundin da ya ƙunshi kusan duk wani yanayi mai 'ya'ya 7 ko ƙasa da haka, wanda girmansa ya kai kimanin terabait 140, kuma a ciki aka gano yanayin da sai an yi taku fiye da 500 kafin a kashe sarki idan kowa ya yi wasa ba kuskure. Manhajar da ke da irin wannan kundi ba ta tunani a ƙarshen wasa, karantawa kawai take yi.

Hanya ta biyu ita ce tunani a lokacin abokin karawa. Da zarar manhaja ta yi takunta, sai ta yi hasashen amsar da za a ba ta, ta ci gaba da lissafi a kan wannan hasashe yayin da agogon mutum ke tafiya. Idan mutum ya yi takun da ta zata, ta riga ta gama aikinta, sai ta amsa nan take. Wato duk sakan da ya ɓata yana neman mafita, ita ma ta amfana da shi. Hanya ta uku ita ce ƙarfin lissafi kansa. Deep Blue, na'urar kamfanin IBM da ta doke zakaran duniya Garry Kasparov da maki 3½ da 2½ a watan Mayun 1997, tana iya duba yanayi kimanin miliyan 200 a cikin sakan ɗaya. Manhajar Stockfish, wadda ake samu kyauta tun 2008, ba ta buƙatar irin wannan katafariyar na'ura. A kwamfutar gida ma tana duba miliyoyin yanayi a sakan, kuma ta fi Deep Blue iya zaɓen hanyar da ta cancanci a bi. Abin da za ta gani cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan ya isa ya kayar da mafi yawan 'yan wasan duniya.

To a cikin waɗannan hanyoyi uku, wacce ce zalunci? Idan aka yi duba na tsanaki, babu ko ɗaya, domin duk abubuwa ne da gwanin mutum ke yi gwargwadon ikonsa. Babban gwani kan haddace buɗe wasa har taku 20 ko fiye, ya zubo su a jere ba tare da ya tsaya ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya yi maguɗi. Duk malamin ces na gargaɗin ɗalibinsa kada ya yi zaman banza lokacin da abokin karawa ke tunani. Saurin ganewa kuwa shi ne tushen gwaninta a wajen mutum. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Holan, Adriaan de Groot, ya nuna a bincikensa na 1946 cewa manyan gwanaye ba su fi matsakaitan 'yan wasa zurfin lissafi da wani babban rata ba, abin da suka fi su shi ne ganin takun da ya dace tun da kallon farko. William Chase da Herbert Simon suka ƙarfafa wannan a 1973, inda suka nuna cewa gwani na tuna yanayin wasa na gaske bayan kallon 'yan sakanni, amma idan aka warwatsa 'ya'yan dara ba tsari, fifikonsa kan ragu ƙwarai. Idan gwani ya amsa wa ɗan koyo cikin ƙiftawar ido, yaba masa ake yi. Babu hujjar da za ta sa abin da ake yabo a wajen mutum ya zama laifi a wajen na'ura don kawai ta fi shi iyawa.

Akwai mai cewa kundin kwamfuta ba hadda ba ce, littafi ne buɗaɗɗe, alhali doka ta hana mutum duba rubutu ko neman shawara a lokacin wasa. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba a warware ta da gardamar ko ma'ajiyar na'ura ƙwaƙwalwa ce ko ɗakin karatu. Yarjejeniya ce ke warware ta, kuma an taɓa yi. A karawar da aka yi a birnin Bon na Jamus a 2006 tsakanin zakaran duniya Vladimir Kramnik da manhajar Deep Fritz, an amince cewa muddin manhajar tana cikin kundinta na buɗe wasa, Kramnik na da damar ganin abin da take gani a fuskar kwamfutar, kuma an taƙaita mata kundin ƙarshen wasa zuwa 'ya'ya 5. Duk da haka Deep Fritz ta yi nasara da maki 4 da 2. Darasin da ke nan shi ne, abin da aka bayyana aka kuma amince da shi kafin a fara wasa ba ya zama zalunci bayan an gama.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen hannu. Kafin mutum ya amsa taku, sai idonsa ya ga abin da ya faru, ƙwaƙwalwa ta fahimta, ta aika wa hannu saƙo, hannu ya kai ga ɗan dara ya matsar da shi. Ko da ba tunanin komai, ganin alama da danna maɓalli kawai na cin mutum kimanin rubu'in sakan. Masu wasan tsere sun daɗe da sanin cewa jiki na da iyaka. A dokar hukumar wasannin guje-guje ta duniya, wanda ya motsa ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan bayan ƙarar bindiga ana ɗaukar cewa ya riga bindigar ne, domin ana ganin ba jikin da zai ji ya amsa da wannan sauri. Da wannan doka aka fitar da ɗan tseren Amurka Devon Allen daga zagayen ƙarshe na gasar duniya a birnin Eugene a 2022, saboda ya motsa a sakan 0.099. Yanzu a ƙaddara cewa gani da miƙa hannu na cin ɗan wasan ces rabin sakan a kowane taku. A wasan nutsuwa mai minti 90 domin taku 40, hannu ya ci sakan 20 cikin 5,400, abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. A wasan minti 3 da ya kai taku 60, hannu ya ci sakan 30 cikin 180, wato sudusin lokacin. A wasan minti 1 da ya kai taku 60 kuwa, rabin agogon ne cur ya tafi kafin a yi tunani ko na ƙwayar zarra. Kwamfutar da ke haɗe da dandalin wasa kai tsaye ba ta biyan ko anini daga wannan haraji. Kamar masu hatsi biyu ne a gaban ma'auni ɗaya, ana auna wa ɗaya hatsinsa tare da nauyin buhu, ɗayan kuma ana auna nasa zalla, sannan a ce ai ma'aunin ɗaya ne.

Abin lura shi ne, a da ba haka lamarin yake ba. A manyan karawar da aka yi tsakanin mutum da na'ura a kan allo na katako, wani mutum ne ke zama a madadin na'urar. Shi zai shigar mata da takun abokin karawa, ya karanta amsarta, ya matsar da ɗan dara, ya danna agogo, kuma duk wannan lokaci daga agogonta ake cirewa. Haka aka yi da Deep Blue a 1997. Haka kuma aka yi a birnin Munik a 1994, inda manhajar Fritz 3 ta yi kunnen doki da Kasparov a matsayi na farko a wata gasar walƙiya ta manyan gwanaye, sai a wasan raba gardama ya doke ta. A cikin wannan shekarar ce kuma manhajar Chess Genius ta fitar da shi daga wata gasar wasan sauri ta minti 25 a Landan. Waɗannan nasarori ba wanda zai ce da hannu aka same su, domin na'urorin sun biya harajin hannu, har ma fiye da yadda mutum ke biya. Intanet ce ta cire wannan mai zaman madadi, ta haɗa manhaja da agogo kai tsaye. Ba wata hukuma da ta zauna ta yanke cewa ya dace a yafe wa kwamfuta wannan haraji. Sauƙin fasaha ne ya kawo shi, aka wayi gari ya zama al'ada.

Ga wanda ke wasa daga Kano ko Damagaram ko Kumasi, akwai ƙarin wani nauyin. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da dandalan wasa galibi suna Turai ko Amurka. Haske a cikin wayar gilashi na tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan, kuma daga Kano zuwa Faris kusan kilomita 4,000 ne a miƙe. Ko da a ce an ja waya ɗoɗar, zuwa da dawowa zai ci sakan 0.04. A zahiri saƙon kan gangara bakin teku ne, ya bi wayoyin ƙarƙashin ruwa, ya ratsa na'urori da dama, ga kuma rawar da sabis ɗin wayar salula ke yi. Masu dandalan sun san da wannan matsala tun da wuri, shi ya sa tun shekarun 1990 suka ƙirƙiro dabarar auna lokacin da ɗan wasa ya ɓata a kan na'urarsa, a mayar masa da abin da hanya ta cinye, ko da yake wannan ramuwa tana da iyaka. Wannan dabara hujja ce babba. Da ita masu shirya wasan suka amsa da kansu cewa ba kowane sakan da ya wuce ne ya kamata a ɗora wa ɗan wasa ba, sai wanda ya shafi wasan. Wanda ya yarda a yafe jinkirin waya don ba ces ba ne, zai yi masa wuya ya ce jinkirin jijiya da tsoka ces ne.

Masu kare halin da ake ciki suna da amsoshi, kuma ya kamata a saurare su. Na farko, sukan ce ba wanda ya tilasta wa mutum, shi ya zaɓi ya kara da na'ura a wasan minti 1. Gaskiya ne, kuma shi ya sa alamar da ake sa wa manhajoji ke da muhimmanci. Tsofaffin dandala irin su ICC da FICS suna sa harafin C a gaban sunan kwamfuta, Lichess kuma na rubuta BOT, ta kuma hana irin waɗannan shiga gasannin mutane na yau da kullum. Amma sanin cewa abokin karawarka na'ura ce daban, sanin sharuɗɗan da take wasa da su daban. Ɗan wasa bai san ko tana duba kundi ba, bai san ko tana tunani a lokacinsa ba, bai san ko an sa mata wani jinkiri ba. Yarda ba ta cika sai da sani. Haka kuma, idan sakamakon irin wannan wasa na shiga makin da ake auna ƙarfin ɗan wasa da shi, to lamarin ya wuce na mutum ɗaya, ya shafi sahihancin ma'aunin da kowa ke dogaro da shi.

Na biyu, sukan ce ko an jinkirta ta ko ba a jinkirta ba, kwamfuta ce za ta ci, don haka maganar ɓata baki ce. Idan Stockfish ce da cikakken ƙarfinta, haka ne. Mafi girman makin da ɗan Adam ya taɓa kaiwa shi ne 2882 na Magnus Carlsen a 2014, alhali jerin da ake auna manhajoji da shi na ba Stockfish sama da 3500. Sai dai mafi yawan mutane ba da wannan dodo suke wasa ba. Suna wasa ne da manhajojin da aka rage wa ƙarfi da gangan domin su yi daidai da ɗan koyo ko matsakaicin ɗan wasa. Irin wannan manhaja takan yi kuskure, ta zubar da doki ko sarauniya, ta shiga halin da ba ta da mafita, amma agogonta na nan cike. Sai ta yi ta ja da baya tana amsawa nan take, har lokacin mutum ya ƙare yana tsakiyar kai mata farmakin ƙarshe. An rage mata basira an bar mata hannun aljani. Yaron da ya yi wasa mai kyau ya kuma faɗi ta wannan hanya, abin da zai koya shi ne gara ya jefa taku ko wane iri da ya tsaya ya nemi mai kyau, kuma wannan kishiyar abin da ake koyon ces dominsa ne.

Ita kanta dokar ces ba ta taɓa sakin jiki da nasarar agogo zalla ba. A cikin ƙa'idojin FIDE akwai tanadin da ake iya amfani da shi a wasannin nutsuwa da na sauri waɗanda ba su da ƙarin lokaci: ɗan wasan da lokacinsa ya rage ƙasa da minti 2 na iya kiran alƙali ya nemi canjaras idan abokin karawarsa ba ya ƙoƙarin cin wasan ta hanyar da aka saba, sai jiran agogo kawai. Wannan tanadi bai shafi wasan walƙiya ba, domin a can an yarda cewa tseren agogo na cikin daɗin wasan. Amma an yarda da haka ne don tsere ne tsakanin hannu da hannu. Bobby Fischer, zakaran duniya na 1972, ya kawo maganin da ya fi wannan sauƙi. A 1988 ya nemi rajistar agogon da ke ƙara wa ɗan wasa 'yan sakanni bayan kowane taku, aka kuma yi amfani da shi a karawarsa da Boris Spassky a 1992. A yau kusan duk manyan gasanni na amfani da wannan tsari. Ƙarin sakan 2 ya isa ya biya kuɗin hannu, ta yadda wanda ya fi ƙarfi a kan allo zai samu damar ƙarasa aikinsa.

Na uku, sukan ce ai mutum ma na da nasa takun nan take, tunda dandalan intanet na ba shi damar ajiye taku tun kafin abokin karawa ya yi nasa, ya fita da kansa da zarar layi ya zo kansa. Akwai gwanayen da suka ƙware a wannan har abin ya zama abin mamaki. A 2008 Hikaru Nakamura na Amurka ya kara da manhajar Rybka, wadda ta fi kowace ƙarfi a lokacin, a wasan minti 3 a dandalin ICC. Ya toshe allon ta yadda ba mai iya kutsawa, ya yi ta kai da kawowa. Rybka, da take ganin ita ke da rinjaye, ta ƙi yarda da canjaras, ta fara sadaukar da sojojinta don buɗe hanya, har ya juya wasan ya cinye ta bayan taku 271. Wannan abin yabo ne, amma bai rushe hujjar ba. Mutumin da ya ajiye taku caca ya yi, domin bai ga abin da abokin karawarsa zai yi ba, kuma idan aka saɓa wa zatonsa yana iya asarar sarauniya a banza. Kwamfuta kuwa sai ta ga takun, ta auna shi, sannan ta amsa, duk a cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Shi yana sayen sauri da haɗari, ita tana samunsa kyauta. Har ila yau, dandalin Chess.com na cire kashi ɗaya bisa goma na sakan daga agogon duk wanda ya yi takun ajiya, wanda ke nuna cewa sa wa taku mafi ƙarancin farashi ba baƙon abu ba ne a wannan wasa.

Na huɗu, sukan ce jinkirta na'ura yaudara ce, gara a bar ta ta nuna abin da take iyawa. Sauran fagagen da mutum ya kara da na'ura sun riga sun amsa wannan. Lokacin da Watson ta kamfanin IBM ta shiga gasar kacici-kacici ta Jeopardy a talabijin ɗin Amurka a 2011, an sa mata yatsan ƙarfe domin ta danna maɓalli kamar yadda Ken Jennings da Brad Rutter ke dannawa, kuma duk da haka an yi ta muhawara cewa saurin dannawarta ya taimaka mata ƙwarai. A 2019, bayan manhajar AlphaStar ta kamfanin DeepMind ta doke ƙwararru a wasan kwamfuta na StarCraft II, masu suka sun nuna cewa a lokacin gumurzu tana ba da umarni da saurin da ba yatsun da za su iya. Kamfanin ya koma ya taƙaita ta zuwa umarni 22 a cikin sakan 5, kuma da wannan takunkumi ta kai matakin manyan gwanaye, nasarar da ta fi ta farko daraja. A gasar TCEC ma, inda manhajojin ces ke karawa da junansu, an hana tunani a lokacin abokin karawa domin gwajin ya fito a tsaftace. Masu ƙera waɗannan na'urori sun fahimci cewa idan ana son a san ko na'ura ta fi mutum dabara, dole a toshe ƙofar da za ta ci shi da abin da ba dabara ba. Yaudara ita ce a ɓoye sharaɗi. Sharaɗin da aka rubuta kowa ya gani doka ce.

Ya kamata a bambanta duk wannan da zaluncin da ba shi da mai kare shi, wato mutum ya ɓoye manhaja a gefe yana kwafar amsarta da sunan shi ke wasa. Abin sha'awa shi ne, lokaci na cikin abubuwan da ke tona asirin irin waɗannan mutane. Ɗan wasa na gaskiya kan yi takun da ba shi da zaɓi nan take, ya daɗe a kan mai wuya. Mai kwafa kuwa yakan ɓata kusan lokaci iri ɗaya a kan mai sauƙi da mai wuya, domin aikinsa ɗaya ne, ya duba ya kwafa. Wannan na nuna cewa yadda mutum ke kashe lokacinsa wani ɓangare ne na wasansa, kamar yadda takunsa yake. Manhajar da aka ce ta yi daidai da ɗan Adam, irin Maia da masu bincike daga jami'o'in Toronto da Cornell da kamfanin Microsoft suka fitar a 2020 domin ta kwaikwayi takun mutane, ba za ta cika kama da mutum ba sai yadda take kashe lokaci ma ya yi kama da nasa.

Gyaran da ake buƙata ba mai tsada ba ne, kuma duk kayan aikinsa na nan. Duk manhajar da ke karawa da mutane a sa mata alama, a kuma rubuta a fili ko tana amfani da kundi, ko tana tunani a lokacin abokin karawa. A kowane taku a cire mata wani ƙayyadadden lokaci daga agogonta, ko da rabin sakan ne, a matsayin kuɗin hannu. Wasan gaggawa tsakanin mutum da na'ura ya kasance da ƙarin lokaci bayan kowane taku, sai fa idan mutumin ne da kansa ya nemi a cire. Sakamakon irin waɗannan wasanni kuma a ware shi daga makin da mutane ke samu a tsakaninsu. Wanda yake son ya gwada kansa da na'ura ba takunkumi, ƙofa a buɗe take, amma ya san cewa tseren yatsa ya shiga.

Ga masu koyar da yara ces a makarantu da ƙungiyoyi, da matasan da ke wasa a wayoyinsu, shawarar a bayyane take: idan za a kara da kwamfuta, a zaɓi wasa mai ƙarin lokaci, ko a kashe agogon gaba ɗaya idan koyo ake so. Ga masu dandalan wasa kuma, nauyin yana wuyansu, domin su ne ke riƙe da agogon. Kwamfuta ta riga ta fi ɗan Adam iya ces, an tabbatar da haka tun 1997 da 2006 a wasannin da ta biya kuɗin hannu. Ba ta buƙatar a ƙara mata da nasarar da ba ta allo ba, kuma bai dace a ci gaba da rubuta wa mutum faɗuwa saboda an halicce shi da hannu ba.